Shekarar da Na Hana Nasiru Kujerar Ruwa

Ku 'ya'yana, na san kun sha ji a gidajen biki da wuraren zaman makoki cewa akwai shekarar da ubanku ya ɗauki kujerar gidanmu ya miƙa wa baƙo. A lokacin wasunku suna goye, wasunku ma ba a haife su ba. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, domin a wancan lokaci duk kalmar da na furta sai ta ƙara wa wani ciwo, daga baya kuma da abin ya yi kyau sai na ga maimaita shi kamar yabon kai ne. Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da ni a zaure, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma suna ta raguwa. Gara ku ji daga bakina.

A shekarar ni ne shugaban ma'aikata a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan namu na ƙasar Kazaure. Ba zan faɗi wacce ba, don mutanen da na yi aiki da su suna da 'ya'ya da jikoki. Iyalina suna nan cikin gari, ni kuma kullum da safe in tada tsohuwar motata in tafi ofis. Sai shugaban sashen samar da ruwa ya yi ritaya, aka kafa kwamitin mutum uku da zai tantance wanda zai gaje shi, aka ɗora mini shugabancin kwamitin. Mutum biyu ne suka kai a kira su. Na farko Nasiru, ɗan Yaya Haruna. Na biyu Istifanus Danladi.

Nasiru a hannuna ya tashi. Da ya gama firamare a garinmu Gwiwa, Yaya da kansa ya riƙo hannunsa ya kawo mini shi, kuma a ɗakin da ke jikin zauren nan ya zauna har ya gama kwalejin fasaha, inda ya karanci gine-gine da hanyoyi. Yaro ne mai kunya da riƙon amana, a sashen ayyuka inda yake ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararsa. Amma aikinsa kwalbati ne da gyaran hanya da rufin ajujuwa. Bai taɓa tsayawa a kan rijiya ana haƙa ta ba. Shi kuwa Istifanus, ubansa Baba Danladi Ba'angashe ne daga duwatsun Filato, magini. Ya biyo wani ɗan kwangila zuwa Kazaure yana saurayi, kwangila ta ƙare, shi bai koma ba. Yawancin gidajen bulo na unguwarmu hannunsa ne ya ɗora su. A nan ya haifi 'ya'yansa, a nan aka binne shi. Istifanus a garin nan aka yanke masa cibiya, a nan ya yi makaranta, kuma in yana magana a bayan katanga ba za ka taɓa cewa kakansa ba nan aka haife shi ba. Ranar Lahadi yana coci, ranar Babbar Sallah kuma shi ke riƙe wa maƙwabta ƙafar rago ana fiɗa. Ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya karanta a jami'a, ya daɗe yana mataimaki a sashen. Sau biyu kujerar tana zama babu kowa, sau biyu ana tsallake shi a ɗauko wani a ɗora masa a kai, shi kuma ya zauna ya koya wa sabon maigidan nasa aiki. Ba a taɓa rubuta dalili ba, amma kowa ya san shi: ba ɗan asalin gari ba ne.

Abin da ya sa kujerar ta yi nauyi a shekarar shi ne Tudun Ƙirya. Ƙauye ne a kan tudu mai duwatsu can gefen ƙaramar hukumar, kuma a can aka haifi Inna, kakarku. An sha kai musu motar haƙa rijiyar burtsatse, a tona a tona a ci karo da dutse, a tattara kaya a tafi a bar musu rami. Matansu suna gangarawa fadama su ɗebo daga kududdufin da shanun rugar Arɗo Buba suke sha. In rani ya yi tsanani sai faɗa ya tashi a bakin ruwan tsakanin mutanen gari da makiyaya, har an taɓa fasa kai. In damina ta faɗi kuma sai amai da gudawa ya shigo ya ɗebi yara. Duk wanda ya hau kujerar nan, Tudun Ƙirya ne zai fara tarar da shi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tarar da babur ɗin Yaya a ƙofar gida. Yaya ba mai yawan zuwa ba ne, mu muke zuwa gare shi. Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo fura, bai ko kalle ta ba.

"Sule, na ji abin a hannunka yake."

"Yaya, mu uku ne a kwamitin."

"Biyun bakinka suke kallo. Kada ka yi mini maganar ofis a zauren nan. Ka gaya mini, in Nasiru ya kwashi takardunsa ya tafi garin su yaron nan, za su ba shi ko da aikin masinja? Ce masa za su yi ya koma jiharsu. To in can ba a ba namu, nan ma ba a ba namu, ina namu za su sa kansu? Mu da boko ya iso mana a makare? Kai kanka da me ka shiga makarantar da ka shiga? Ba da gurbin da aka ware wa yankinmu ba?"

Ban iya ce masa ba haka ba ne, domin haka ne. Da ba a ware wa yankinmu gurbi ba, da ina Gwiwa ina bin shanun noma, kuma har gobe ina tare da masu cewa a buɗe wa wanda aka bari a baya ƙofar makaranta da ƙofar aiki. Amma a raina na ga abubuwa biyu da Yaya bai gani ba. Na ɗaya, buɗe wa mutum ƙofa daban, damƙa masa ruwan da yara za su sha kafin ya iya daban. Na biyu, Yaya yana maganar garin su Istifanus kamar akwai wani gari da ke jiransa. Babu. In ya je Filato a matsayin ɗan Kazaure za a karɓe shi, mai Hausa a baki wanda bai iya yaren ubansa sosai ba. In mu ma muka ce ba namu ba ne, to ba na kowa ba ne ke nan. Na yi ƙoƙarin faɗa masa wannan a hankali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Na kawo maka ɗa ka rene shi. Ban san don ka tozarta shi a gaban mutane ka rene shi ba."

A lokacin Inna tana gidana, a ɗakin da ke kusa da rumfa. Idonta ya fara rauni amma kunnenta bai bar komai ba. Bayan tafiyar Yaya ta aika a kira ni. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya, kasancewarsa ɗan fari.

"Yayanka ya fita bai sha furata ba. Me ka yi masa?"

Na gaya mata. Ta ci gaba da murza carbi.

"Ni ban san aikin gwamnati ba, Sule. Na san dai ciki ɗaya kuka fito. In ka ba ɗan'uwanka kunya, ni ka ba."

Wannan ta fi ta Yaya zafi. Na kwana biyu ina zuwa ofis in dawo ba na iya cin abinci. Mahaifiyarku ba ta sa baki a maganar aikina, amma wata safiya tana zuba mini koko ta ce:

"Malam, ranar da naƙudar Amina ta kama ni kana Kano. Ka tuna wa ya kai ni asibiti?"

"Maman Istifanus."

"Ita ta riƙe ni a bayan a-kori-kura, zaninta ta cire ta lulluɓe ni. Ban ce ka ba ɗanta aiki don wannan ba, wannan tsakanina da ita ne. Ka ba wanda ka ga ya iya. Amma kada wani ya sake zama a zauren nan ya ce mini matar nan baƙuwa ce."

Ranar intabiyu muka zauna mu uku, ni da ma'aji da wani dattijo daga sashen lafiya. Tambaya guda na shirya wa kowannensu: yaya za ka yi da Tudun Ƙirya? Nasiru ne ya fara shigowa, cikin farar shadda, ya gaishe mu da ladabi. Ya amsa tambayoyin ma'aji da kyau. Da na yi masa tawa, ya ce zai nemo ƙwararren ɗan kwangila mai injin da ya fi na baya ƙarfi, ya tsaya a kansa har ya huda dutsen. Amsa ce ta mai gaskiya, kuma irin ta ce aka yi ta bi a baya ana dawowa hannu wofi. Istifanus ya shigo da takalmansa duk jar ƙasa. Ya ce a daina haƙa a cikin garin, domin dutsen da ke ƙarƙashinsa ba ya riƙe ruwa, ko an huda shi ba abin da za a tarar. A sauka gefen fadama a haƙa, a sa injin sola ya tura ruwan ta bututu zuwa tanki a kan tudu. Sannan ya ƙara da abin da ban tambaye shi ba: a gina wa makiyaya kwamin siminti na shayar da shanu a ƙasa, nesa da famfon mata, in ba haka ba faɗan kududdufi ne zai koma bakin famfo. Da suka fita, ma'aji ya ce shi Nasiru ya zaɓa, bai ɓoye dalilinsa ba, ya ce ɗan gida ɗan gida ne. Dattijon lafiya ya ce shi ya gaji da zuwa ƙauyen nan da ruwan gishiri da sukari duk damina, Istifanus ya zaɓa. Suka juyo suka kalle ni. Na yi bisimilla na ce Istifanus.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Washegari ciyaman ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai wayo, ba mugu ba, amma kansiloli sun cika masa kunne, ƙungiyar matasa kuma ta ce za ta rufe ƙofar sakatariya.

"Malam Sule, ka san abin da ka jawo mini? Ɗan yayanka fa ka kayar. In wani ne ya yi sai in ce ƙiyayya ce."

"Ranka ya daɗe, kai ka ce a tantance. In ka ga dama ka soke, ikonka ne. Amma ni ba zan sa hannu a kan cewa wanda ya fi iyawa shi ne ya zo na biyu ba."

Da ya soke ɗin, ina jin da shi ke nan. Abin da ya hana shi, ban da hannu a ciki. Dagacin Tudun Ƙirya da Arɗo Buba, mutum biyu da suka shekara ba sa gaisawa saboda faɗan ruwa, suka hau mota ɗaya suka zo sakatariya. Ashe Istifanus ya daɗe yana zuwa ƙauyen a kan babur ɗinsa, yana bin fadama yana duba inda ƙasa ke riƙe laima, kowa ya san shi. Ina zaune Arɗo ya jingina sandarsa ya ce wa ciyaman, da Hausarsa mai gardin Fillanci:

"Mu ba mu zo tambayar kakan kowa ba. Yaron nan shi kaɗai ne ya taɓa tambayata inda shanuna za su sha. In ka ba shi, mun gode. In ba ka ba shi ba, to ka ba mu ruwan da kanka."

Bayan sun fita ciyaman ya daɗe yana kaɗa biro a kan tebur.

"Na amince. Amma ka ji sharaɗina. In damina mai zuwa ta faɗi babu ruwa a ƙauyen nan, kai da shi za ku bar mini ofis."

Abin da ya biyo baya ba zan ƙawata muku shi ba. Mutanen da muka yi shekaru muna haɗa sahu a masallaci suka koma amsa sallamata a ciki-ciki. Ƙarin girman da nake jira a shekarar ya wuce ni, bai kuma dawo ba har na yi ritaya. Yaya ya aurar da Hadiza ƙanwar Nasiru, ni da ya kamata in zama waliyyi sai a bakin mutane na ji ranar. Mafi ciwo, wata safiya Yaya ya turo mota aka kwashi kayan Inna. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dafa kaina da na durƙusa, ta ce za ta je ta ɗan kwana biyu a Gwiwa, amma har tabarmar sallarta aka naɗe. Mahaifiyarku ta shiga ɗakin da aka bari fayau ta yi kuka. Nasiru kuwa in mun haɗu a sakatariya sai ya rusuna ya gaishe ni ya wuce, ba ya haɗa ido da ni.

Ana cikin haka Istifanus ya zo gidan nan da yamma, ya tsaya a ƙofar zaure ya ƙi zama.

"Yallaɓai, na ji abin da ke faruwa a gidanka. Ni na saba zama mataimaki. Bari in janye a ba Nasiru, zan yi masa aikin kamar yadda na yi wa na baya. Ruwa dai ake so."

"Sau nawa ka yi haka?"

"Sau biyu."

"Ruwan ya zo?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a'a, domin mataimaki shawara kawai yake bayarwa, ba shi ke cewa ga inda za a haƙa ba.

"To ka zauna a kujerarka. Ban ba ka kyauta ba, balle ka mayar mini. Ka je ka nemo mana ruwa."

Aiki ya fara da tsakiyar rani. Haƙa ta farko a gefen fadama ta ba da ruwa kaɗan mai laka, kafin a kai ga sa bututu ya ƙafe. Ranar na ga mutane suna dariya a gindin darbejiyar sakatariya, wani har ya ɗaga murya don in ji, wai a je Filato a ɗebo. Istifanus ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce ya yi kuskuren wuri, ruwan yana hayin rafi inda yashi ya fi kauri. Matsalar ita ce motar haƙa ba za ta iya ƙetare rafin ba, gaɓarsa ta zabge, kuma sashen ayyuka ya ce giredarsu, motar gyaran hanya, ba ta da lafiya. Kowa ya san lafiyarta ƙalau. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma. In ruwan sama ya sauka kafin a ƙetare, magana ta ƙare.

Wata safiya na tafi wurin don in ga halin da ake ciki, tun daga nesa na ji rurin inji. Da na iso sai ga gireda a cikin rafi tana tura ƙasa, ga tifa tana juye duwatsu, ga Nasiru ya naɗe ƙafar wando yana nuna wa direba inda zai bi. Ya hango ni ya hauro, ya cire hula ya goge gumi.

"Baffa, ina kwana."

"Nasiru, wa ya ba ka izinin fito da giredar nan?"

"Gyaran hanya aikina ne, Baffa. Wannan kuma hanya ce."

"Babanka ya sani?"

"Zai ji." Ya mayar da hularsa. "Na yi fushi da kai, Baffa, ba zan ɓoye ba. Amma na zo nan na ga ramukan da aka bari a cikin gari. Da ni aka ba, da na ƙara musu wani."

Na juya kamar ina duba tifa, don kada ya ga idona.

Motar haƙa ta ƙetare a ranar. Suka yi kwanaki suna aiki, Istifanus da Nasiru suna cin ɗanwake a kwano ɗaya a gindin wata kanya. Ranar da abin ya faru ina wurin, rana ta take tsaka, mutanen gari sun yi cincirindo a gaɓar rafi, makiyaya sun tsaya can gefe da sandunansu a kafaɗa. Ƙasar da injin ke tofarwa ta sauya daga fara zuwa baƙa-baƙa, ta zama taɓo, sai muka ji wani irin gurnani daga cikin ramin. Ruwa ya yi tsiri sama ya fi tsayin motar, ya zubo mana a kai. Mata suka ɗauki guɗa. Dagaci ya faɗi ya yi sujada a cikin taɓo da babbar rigarsa. Arɗo Buba, dattijon da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya tara hannu ya sha, ya sake sha, yana dariya ruwa na bin gemunsa. Istifanus ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu, Nasiru ya ɗago shi ya rungume shi, su duka sun jiƙe sharkaf. Aka bar injin yana ja har yamma don a gwada, ruwan bai ragu ba.

Kafin a yi shuka tanki ya hau kan tudu, an ja bututu, an kafa famfuna a tsakiyar gari, an gina kwamin shanu a ƙasa. Ranar da za a buɗe, ciyaman ya zo da makaɗa da 'yan jarida, ya yi jawabi kamar tun farko ra'ayinsa ne, ni kuwa ban ji haushi ba ko kaɗan. Ina tsaye a bayan taro sai na ga wata mota ta tsaya, Yaya ya fito, ya zagaya ya buɗe ƙofa ya riƙo hannun Inna. Daga baya na ji cewa ita ta tada rigima a Gwiwa, ta ce ko a kai ta ko ta tafi da ƙafa. Aka buɗa mata hanya har bakin famfo. Ta laluba ta kama kansa, aka murɗa mata, ruwa ya zubo a tafinta. Ta daɗe a haka. Ta ce tana yarinya a nan ta sha ɗaukar tulu tun asuba zuwa fadama, kuma ƙannenta biyu ruwan kududdufin nan ne ya kashe su. Ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

"Ina yaron?"

Aka turo Istifanus, ya durƙusa a gabanta. Ta shafa kansa da jiƙaƙƙen hannunta.

"Ɗan wa ne kai?"

"Ɗan Danladi magini, Inna."

"Danladi na unguwar su Sule? Wanda ya gyara mini dandamalin ɗaki? Ashe ɗan gida ne. Allah ya yi maka albarka, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu."

Sannan ta juya inda take jin muryata ta ce a share mata ɗakinta, ranar Asabar za ta dawo. Da za su tafi Yaya ya tsaya a jikin mota ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, gero ya yi tsada a Babura, in ina so ya aiko mini da buhu daga rumbunsa. Na ce ina so. Wanda ya san Yaya ya san ba zai taɓa ba da haƙurin da ya wuce wannan ba.

Damina ta zo ta wuce, dattijon lafiya bai kai ruwan gishiri da sukari Tudun Ƙirya ba. Nasiru ya nemi a mayar da shi sashen ruwa, ya zama mataimakin Istifanus, ya koma makaranta ya ƙaro ilimi. Tare suka bi ƙauyukan da aka yanke ƙauna da su, ɗaya bayan ɗaya. Da Istifanus ya yi ritaya ba a ko yi gardama ba, Nasiru ya hau kujerar, kuma ya hau ta ne yana iya tsayawa a fadama ya dubi ƙasa ya ce a haƙa nan. Tun daga shekarar nan kuma, in an zo ɗaukar aiki a wurinmu, wanda ya tada maganar asali sai ya yi ta da ƙaramar murya. Ban ce ta mutu ba. Amma ta daina zama dokar da ba a rubuta ba.

Saura abu ɗaya, kuma kai Kabiru da kai nake. Bara da aka buɗe gurbin injiniya a sashen, ka nema, na kuma yi maka addu'a kamar kowane uba. Nasiru ya ɗauki wata yarinya Banufiya, haihuwar Roni, wadda ubanta ke gyaran keken ɗinki a kasuwa. Tun lokacin ka daina zuwa gidansa, ka ce ya manta a ɗakin wa ya kwana. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma da na ji sai da na ji haushi. Na sa aka kai ni Gwiwa wurin Yaya, wanda yanzu ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, na zauna a bakin gadonsa na ce masa Nasiru ya kayar da Kabiru.

"Yarinyar ta fi shi iyawa?"

"An ce ta fi shi."

Yaya ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa ya kurɓa, ya share hawaye da bakin mayafinsa. Sannan ya kamo hannuna ya riƙe gam.

"To me ka zo yi, Sule? Ƙara ka kawo? Ni na haife shi, amma kai ka rene shi. Ka koma gida ka ci tuwonka."